Umarnin da Adama Ta Roƙa

Shekarar kulle ce, wadda aka rufe kasuwanni, aka tare hanyar Kano, muka yi azumi babu zaman tafsiri, asham ma kowa a gidansa. Duk mai wayo a lokacin yana da abin da yake tuna ta da shi. Ni da ƙishirwar jikana Nasiru nake tuna ta, da kuma wata amana da surukata ta ɗora mini a bakin gona. Abin da ya tayar mini da zancen kuwa shi ne tafiyar da muka yi Dutse a daminar bana, mu duka gidan, kallon wasan yaran da aka yi wa dashe.

Nasiru shi ne ɗan farin ɗana Sale da matarsa Adama. Adama Bafillatana ce, daga wata ruga yamma da Aujara. Kunyar ɗan fari mu ma muna da ita, amma tasu ta fi tamu nauyi nesa ba kusa ba. Ana yaye yaron aka kawo shi ɗakin uwargidana, Iya, a nan ya tashi. Iya yake ɗauka uwa, Adama kuwa Adda yake ce mata, kamar wata yayarsa. Ita ba ta taɓa faɗin sunansa ba. In dole ta yi zancensa, sai ta ce ɗan Iya. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye, alhali gida ɗaya muke, zana ce kawai ta raba sashenmu da nasu.

Ciwon ya fara gabanin azumi. Yaro ya tashi da safe fuska a kumbure, da yamma ƙafa ta ƙi shiga takalmi. Muka yi na gida, bai yi ba. Muka kai shi Jahun, suka tura mu Dutse, a can aka ce mana ƙodarsa duka biyu sun gaza, sai dai a riƙa wanke masa jini da na'ura. Shekarunsa ba su wuce sha ɗaya ba.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo. Tun hantsi rana take saukowa kamar an buɗe murhu. Ganyen darbejiya ba ya motsi, awaki sun shige ƙarƙashin rumbu suna haki, ruwan randa ma da ɗuminsa. Gero ya yi ƙasa a rumbu, dabbar da za ka sayar ka sayi wani kuma babu kasuwar kai ta. Kunun tsamiya Iya take damawa tsinkakke don ya isa kowa, ƙosai kuwa sai dai a raba a tafin hannu. Duk wannan mun san irinsa, mun taɓa yi. Abin da ba mu taɓa gani ba shi ne yaron da aka hana ruwa dare da rana. Likita ya auna masa a ɗan kofin shayi, ya ce kada ya wuce haka, in ya wuce ruwan a ƙirjinsa zai taru. Aka hana shi gishiri, aka hana shi kanwa, har dabino aka hana.

In ladan ya kira magariba, sai mu ɗauki moɗa mu zagaya bayan ɗaki mu sha, don kada ya gani. Ran nan sai ya ɗaga murya daga kan tabarmarsa.

"Tsoho, ku dawo nan ku sha mana. Ko ƙarar haɗiyar ma daɗi take mini."

Na dawo na zauna kusa da shi, moɗar a hannuna, na kasa kai ta baki.

"Sha mana," in ji shi. "Kai azuminka na rana ne kawai. Ka ga na fi ka lada."

"Ka dai fi ni baki."

"Ka ci gaba da ƙin sha. In ka faɗi, ni zan gaji Iya."

Iya ta ce, "Wa zai auri mai kumburin ƙafa? Ka warke tukuna, maigida."

Haka muke da shi tun yana rarrafe, kullum cikin takara a kan Iya. Takan jiƙa tsumma ta goga masa a leɓe. Ranar da Sale ya samo ƙanƙara daga Jahun, a naɗe cikin buhu da garin katako, sai a fasa masa ɗan tsinke ya sa a baki, ya lumshe ido, ya ƙi magana har ta narke.

Zuwa Dutse a babur muke yi, Sale a gaba, ni a baya, yaron a tsakiyarmu. A kowane shinge sai mun tsaya mun nuna takardar asibiti. Jami'an kan leƙa fuskarsa su ce mu wuce, Allah Ya ba shi lafiya. Duwatsun garin suna feso zafi kamar tanda. In an gama wankin muka juyo, sai ya kwanta a ƙirjina laƙwas, kansa yana lilo, in riƙa jin ƙasusuwan bayansa ta cikin riga.

Adama ba ta taɓa leƙo ɗakin ba. Tuwonsa marar gishiri ita take tuƙawa daban, ta ba ƙanwarsa ta kawo. Iya ce ta lura da wani abu ta gaya mini a ɓoye: in an sha ruwa, Adama ba ta wuce cikin ɗan kofi irin nasa, sai ta mayar da moɗa kan randa.

Aka yi salla, ruwa ya sauka, muka yi shuka a gurguje. Likitoci suka ce wankin nan ba zai riƙe yaro mai girma ba, dashen ƙoda ne mafita, kuma ta ɗan'uwa na jini ta fi karɓuwa. Aka gwada Sale, jininsu bai zo ɗaya ba. Na miƙa hannuna, likita ya yi murmushi ya ce, Baba, taka ta yi aikinta. Aka bi ƙannen Sale, ba a dace ba. Sunan Adama kuwa babu wanda ya ambata. Tana da ƙanana a gabanta, sa'annan wa zai tsaya gaban Bafillatana ya yi mata zancen ɗan farinta?

Muna kan hanya kullum, ciyawa ta rufe gona. Sai maƙwabta suka kira mana gayya. Na tuna ranar sarai. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi tana ƙamshi, maza sun jeru da fartanya daga wannan kunya zuwa waccan, bayansu yana sheƙi da gumi, suna yi wa na baya tsiya. Da azahar mata suka kawo fura da dambu. Aka ci, maza suka koma aiki, ni na zauna gindin tsamiya saboda gwiwa. Mata suka kwashe kwanuka suka kama hanya, sai na ga Adama ta tsaya, tana ɗaure ƙwarya a tsumma tana kwancewa. Can sai ta matso ta durƙusa nesa kaɗan, ta ba ni gefe, idonta a ƙasa. Tun da aka kawo ta gidana, maganarmu ba ta taɓa wuce gaisuwa ba.

"Baba."

"Na'am, Adama. Lafiya?"

"Na ji an ce ta uwa takan yi."

Sai da na ɗan jima kafin na gane ƙoda take nufi. Na ce, "Takan yi, in Allah Ya so. Amma babu wanda ya tambaye ki."

"Shi ya sa na zo. Ina so ka ba ni umarni."

"Wannan ai ba abin umarni ba ne. Da yardar rai ake bayarwa."

"A gaban mutane nake nufi, Baba. Ka kira baffana, ka ce kai ka ce. In ni na buɗe baki na ce zan bayar, har in mutu ana faɗi a rugarmu cewa Adama ta yi rawar jiki a kan ɗan fari. Ƙannena mata ma sai an goranta musu. In kuwa surukina ne ya ce, biyayya na yi."

"Danginki za su ga baƙina."

"Za su gani. Ka yi haƙuri."

Na auna lamarin, domin ban so in tsaya gaban jama'a da ƙarya a bakina. Sai na ga umarni dai ta nema, umarni kuma zan bayar da gaske. Abin da zan rufe kawai shi ne wanda ya fara zancen. Na ce na yarda.

"Kada kowa ya ji," in ji ta.

"Ko Iya?"

"Ko Iya."

"Shi yaron fa?"

Ta ɗora ƙwaryar a ka, ta miƙe. "Shi ne ma kan gaba."

Bayan kwana biyu na aika aka kira baffanta. Bayan la'asar muka zauna a tsakar gida, da Sale, da Iya, Adama tana bakin zana. Na ɗaure fuska na ce na yanke shawara, Adama za ta je a gwada ta, in ta dace za ta bayar. Baffan ya dube ni ya daɗe.

"Malam, 'yar mutane ce fa. Da goyo a bayanta."

"Matar ɗana ce, a gidana take. Na gama magana."

Adama ta ce, "To, Baba," muryarta can ƙasa. Baffan ya tashi bai taɓa ruwan da aka ajiye masa ba. Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne Nasiru yana kwance a ɗakin Iya, labule kawai tsakaninmu, kuma ba barci yake ba.

Ƙarshen daminar ruwa ya yi yawa. Gero ya kwanta a cikin taɓo, katangu suka zube, hanya ta yanke a wurare, wani lokaci sai Sale ya goya yaron ya tsallaka da shi. Abin da muka girbe bai kai mu ko'ina ba. An janye kulle, muka shiga zirga-zirgar Kano, gwaji bayan gwaji. Adama ta dace. Shanu suka tafi, namu da na rugar, hukuma da masu hali suka cika sauran. Baffan da kansa ya koro bijiminsa har ƙofar gidana, ya damƙa wa Sale igiya, ya juya bai gaishe ni ba. Kafin aikin, likitoci suka shiga da Adama wani ɗaki ita kaɗai, suka hana kowa bi. Abin da ta faɗa musu ban sani ba. Wata likita dai ta fito ta ce mini, Malam, mun gamsu.

Allah Ya sa aka yi a sa'a. Ranar da aka ce ga fitsari ya zo, Iya ta manta a asibiti take, ta rangaɗa guɗa, har nas ta fito tana dariya tana cewa a yi shiru. Yaron da aka hana ruwa sai ga shi ana bin sa da gora ana cewa ƙara. Muka dawo gida da buhun magani. Na rubuta wa Iya lokutan sha da ajami a jikin bango, na safe da na dare, har yau ba a tsallake ba.

Jiki ya dawo, ya yi tsawo, murya ta buɗe. Amma wani abu bai dawo ba. Ya daina tsokanata. Malam yake ce mini, kamar baƙo. In Adama ta shigo sashenmu sai ya sulale ya fita. Wata rana tana daka, ta tsaya ta dafa kwiɓinta tana hutawa, yana kallo daga nesa. Da yamma ya same ni ina gyaran igiyar shanu.

"Da ka bar ni, Malam."

"In bar ka ka yi me?"

"Ba ta so. Ina ji lokacin da ka ce ka gama magana. Kai ka sa aka yanke ta. Kullum na sha ruwa sai in tuna abin da ke cikina ƙwato shi aka yi."

Maganar tana bakina, amana tana wuyana. Na ce, "Allah ne Ya yi, Nasiru." Ya tashi ya tafi. Na nemi Adama na ce ta sake ni in gaya masa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Tukuna, Baba." Tukunar nan ta ci shekaru.

Bana damina ta yi kyau, ba yawa ba ƙaranci. Gero ya fitar da kai, wake ya baje, kasuwa tana ci ranarta. A cikin haka likitocinsa suka aiko cewa sun haɗa kai da iyaye, za a yi wa yaran da aka yi wa dashe wasan guje-guje a Dutse, a zo da iyali. Nasiru ya ce zai yi gudu. Adama ta ce za ta raka Iya, don tsohuwa ba ta iya hawa mota ita kaɗai. Kowa ya san Iya tana hawa babur ma, amma babu wanda ya tanka.

A filin wata makaranta aka yi, a gindin duwatsu. Duwatsun da na sani suna feso wuta, ga su an wanke su, ciyawa kore shar a tsakaninsu, hadari yana yawo sama yana yi mana inuwa. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba. Yaran ba su da yawa, daga Kano, daga Haɗeja, daga wajen Bauchi, duka cikin farar riga. Yawanci ƙoda ce, akwai na ɓargo, akwai wata yarinya da aka ce hanta aka dasa mata a ƙasar waje. Kowane yaro da gorar ruwa a hannu. Iyaye kuwa ba mu san juna ba, amma muna haɗa ido sai a gaisa kamar dangi, don kowa ya san bencin da ɗan'uwansa ya kwana a kai.

Wata mata 'yar birni ta rungume ɗanta tana kiran sunansa da ƙarfi, tana ɗaukar hoto. Iya ta taɓo ni.

"Ikon Allah. An ce fa ɗan farinta ne."

Adama ta ja mayafi ta ƙara rufe fuska.

Aka yi jifa, aka yi tseren ƙanana, sa'annan aka kira samari. Da aka busa usur, na ga ƙafafun nan da suka ƙi shiga takalmi suna cin ƙasa, rigarsa ta cika da iska. Sale ya miƙe tsaye yana ihu, "Yaro! Kai, yaro!" don shi ma sunan ba ya fita a bakinsa. Iya tana ta salati. Ni ganina ya dushe, sai da na goge ido. Wani dogo daga Kano ya riga shi, amma ba da nisa ba. Yana tsayawa, kafin ya ma huta, sai ya waiwayo rumfarmu. Adama ta juya kai tana kallon duwatsu. Ni da ke kusa na ga yadda ta murɗe bakin mayafinta har yatsunta sun yi fari, shi kuwa daga can ƙeyarta kawai ya gani. Ya dawo ya zauna a gefena yana shan ruwa.

Kafin a raba lambobin yabo, mai lasifika ya ce akwai abu guda da ya rage. Kowane yaro zai fito da wanda ya ba shi, su zagaya filin tare, jama'a su gan su. Aka fara kira. Wani da babansa, wata da yayarta, ana tafi. Nasiru ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Malam, don Allah kada ka sake ba ta umarni. In an kira, ka bari ya wuce."

Na ce, "Ba zan ce komai ba."

Aka kira sunansa, aka ce daga Aujara, shi da mahaifiyarsa. Mai lasifika ya sake kira. Mutane suka fara waiwaye. Iya ta zungure ni.

"Malam, ka ce ta tashi mana, ana jira."

"Ba zan ce ba."

"Sale, kai fa?"

Sale ya sunkuyar da kai. Mai lasifika ya ce to, ko ba su samu zuwa ba, bari a ci gaba. Sai na ji kujera ta motsa a bayana. Adama ta sauke 'yar autarta daga cinya ta miƙa wa Iya, ta miƙe, ta gyara mayafi. Ba ta dubi yaron ba, filin take kallo, amma muryarta ta fito yadda duk rumfar ta ji.

"Yau Baba bai ce komai ba. Wancan karon ma ni na same shi a gona na roƙe shi ya ce." Sai ta ɗan rusuna ta wajena. "Baba, na sauke maka. Ka yafe mini daɗewar."

Ta fita daga rumfar ta nufi fili. Iya ta buɗe baki ta kasa rufewa. Nasiru ya juyo ya dube ni.

Na ce, "Haka aka yi. Tashi, kada ka bar ta ita kaɗai."

Ya tashi da gudu. Ba su riƙe hannu ba kamar sauran. Da farko tana gaba yana baya, sai ya cim mata, sai ya wuce ta kaɗan don kunya ta sa shi sauri, sai na ga ya rage tafiya, suka jera. Daga can nesa na ga kanta ya ɗan karkata wajensa, bakinta yana motsi. Jama'a suna ta tafi, ba su san abin da suke tafa wa ba.

A motar komawa mata suna baya, ni da shi muna gaba kusa da direba. An fara yayyafi, gonaki suna wucewa. Na daure har muka bar gari, sa'annan na kasa.

"Me ka ce mata?"

"Na ce na gode."

"Ita fa?"

"Ta ce in rage sauri, ita ƙoda ɗaya gare ta."

"Kai ma ai da ɗaya kake tafiya."

"Na gaya mata." Ya yi dariya, ya goge fuska da hannun riga. "Ta ce ai tata ce, ta fi ni sanin halinta. Wai in bi ta a hankali."